Kansar huhu: sojojin jiki na iya ƙara kwana, amma sai an gan su a ɗakin gwaji

Majinyata biyu kan zo asibiti da kansar huhu iri ɗaya, a mataki ɗaya, a yi musu magani ɗaya. Wani ya ƙara shekaru a raye, wani kuma cutar ta ci ƙarfinsa cikin watanni. Masana sun gano cewa wani ɓangare na wannan bambanci yana ɓoye a cikin ƙarin da kansa.

Ƙarin kansa ba gurɓatattun ƙwayoyin halitta kaɗai ya ƙunsa ba. Ƙwayoyin garkuwar jiki ma suna kutsawa ciki, musamman ƙwayoyin T masu alamar CD8, waɗanda aikinsu kashe ƙwayar da ta lalace. A shekarar 2008, masu bincike a birnin Paris sun nuna cewa majinyatan da aka yi wa tiyata tun cutar ba ta yi nisa ba, kuma aka tarar ƙwayoyin garkuwa sun yi sansani a cikin ƙarinsu, sun fi daɗewa a raye. Sai dai ba kowace ƙwaya ce ke taimako ba. Akwai waɗanda ƙarin ke juyawa su koma masu yi masa gadi.

Kansa na da dabarar kare kanta. Ƙwayoyin T suna da wani birki mai suna PD-1, wasu ƙararrakin kuma suna fitar da sinadarin PD-L1 da ke taka wannan birki. Bincike kan irin waɗannan birkuna ne ya sa James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan suka samu kyautar Nobel a 2018. A gwajin KEYNOTE-024, kusan kashi 32 cikin 100 na majinyata masu yawan PD-L1 da aka ba maganin pembrolizumab sun kai shekaru 5 a raye, yayin da a rukunin da aka fara da maganin kemo kashi 16 ne suka kai.

Wannan labari ne mai daɗi, amma a Nijar yana da haɗari idan aka ji shi rabi-rabi. Masu tallan garin magani a kasuwanni da WhatsApp sun daɗe da riƙe kalmar "ƙara garkuwar jiki". Babu wani jiƙo ko ƙwayar kanti da aka tabbatar yana tura ƙwayoyin T cikin ƙarin huhu. Wanda ya tsaya shan su yana ɓata watannin da tiyata za ta iya yi masa amfani.

Duk wannan ilimi kuwa yana farawa ne daga ɗan guntun tsoka da likita zai ciro, ƙwararre ya duba a madubin likita. Nan ne giɓin yake. Tari mai daɗewa, rama da jini a majina alamomi ne da tarin tibi da kansar huhu suka yi tarayya a kai, shi ya sa a ƙasashen da tibi ya yawaita ake makara wajen gano kansar. Majinyacin da ya sha maganin tibi bai samu sauƙi ba ya cancanci hoton ƙirji da gwajin tsoka, ko a Maraɗi yake, ko Damagaram, ko Tawa.

Nijar ta yi abin yabo a 2021 da ta buɗe sashen gashin kansa a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai, da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Abin da ya kamata ya biyo baya shi ne horar da masu duba tsoka da kafa ɗakunan gwaji a manyan asibitocin jihohi, kafin a shiga maganar magunguna masu tsadar da talaka ba zai iya ba.

Kansar huhu ta kashe kusan mutum miliyan 1.8 a duniya a 2022, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba ce ke haddasa kusan kashi 85 cikin 100 na cutar. Ƙasar na da dokar yaƙi da shan taba tun 2006. Aiwatar da ita a tashoshin mota, ma'aikatu da wuraren shan shisha shi ne mataki mafi araha da hukumomi za su iya ɗauka tun yau.