Mutum Takwas Ba Su Zama Kabila Ba

Akwai wani irin wasa da ake nunawa a talabijin, masu shirya shi suna kiransa wasan gaskiya. A cewarsu ba a rubuta wa kowa abin da zai faɗa. Sai a tara mutane a gida ɗaya, a kafa musu injin ɗaukar hoto dare da rana, su yi zamansu, sa'an nan a nuna wa duniya. Sunan yana da daɗin ji, amma ƙarya tana kwance a cikinsa, abin da ya auku a Amurka kuwa ya isa shaida.

A watan Disamba na 2009 wata tashar talabijin mai suna MTV ta fara nuna wani shiri, Jersey Shore, watau Bakin Tekun Jazi. An ɗauki samari huɗu da 'yan mata huɗu, aka ba su gida a Seaside Heights, wani ƙaramin gari a jihar Niyu Jazi inda mutane kan je shan iska lokacin zafi. Da rana suna sayar da riguna a wani kanti, da dare sai giya da rawa da dambe. Da a nan aka tsaya, da ba wanda zai tanka, gama kowace ƙasa tana da 'yan iskanta. Amma tashar ta yi shelar cewa ga Italiyawan Amurka nan, har ta kira su "guido", kalmar da aka daɗe ana zagin talakawan Italiyawa da ita. Tutar Italiya ma aka zana a ƙofar garejin gidan, don kada wani ya manta.

Sai mai karatu ya san tarihi kaɗan kafin ya gane zafin abin. Tsakanin 1880 da 1924 Italiyawa fiye da miliyan 4 suka ƙaura zuwa Amurka, galibinsu manoma matalauta daga kudancin ƙasarsu. Su ne suka yi haƙar rami da dakon kaya, ana raina su, ana ce musu ɓarayi. A 1891 taron mutane suka fasa kurkuku a birnin Niyu Olins, suka kashe Italiyawa 11, alhali kotu ba ta sami ko ɗayansu da laifin kisan da ake zarginsu da shi ba. Jikokin waɗannan mutane sun yi shekara ɗari suna wanke sunansu da karatu da sana'a, har aka sami gwamnoni da alƙalai a cikinsu. Rana ɗaya sai ga tsohon zagin ya komo, ana tallarsa tsakanin tallar sabulu da ta mota.

Ƙungiyoyinsu suka tashi. Wata mai suna UNICO National, wadda aka kafa tun 1922, ta nemi a dakatar da shirin. Kamfanin Domino's mai sayar da abinci ya janye tallarsa. Masu kāre shirin kuwa suka kawo hujja biyu.

Ta fari, wai injin hoto ba ya ƙarya, abin da yaran suka yi shi aka nuna. To, wa ya zaɓi yaran? Cikin miliyoyin Italiyawan Amurka ba a rasa likita ko malami ko mai gasa burodi ba. An tsallake su da gangan, aka nemo masu yawan surutu da saurin fushi, domin mai hankali ba ya tara 'yan kallo. Bayan zaɓe kuma sai yanka. Ana ɗaukar hoto na kwanaki, a yanke, a haɗa, a fitar da abin da bai kai sa'a guda ba a mako. Tashar da kanta ta tona asirin wannan aiki. Wani mutum ya naushi ɗaya daga cikin 'yan matan a fuska a gidan giya, tashar ta yi ta nuna naushin don jan 'yan kallo, da aka yi mata ca sai ta cire shi daga cikin shirin. Ashe wuƙar tana hannunta. Wanda ya iya cire naushi don gudun kunya, ya iya cire zagin kabila, in ya so.

Abin dariya ma, ba dukan takwas ɗin ne Italiyawa ta wajen jini ba. Wadda ta fi su suna, Snooki, a ƙasar Cile aka haife ta, Italiyawa suka ɗauke ta riƙo. Wata kuma asalinta Ailan da Sifen. Mafi yawansu daga jihar Niyu Yok aka kwaso su, amma sunan Niyu Jazi aka liƙa wa shirin. Watau an ɓata kabila da jiha gaba ɗaya da bakin waɗanda ba su aika ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, ya kamata a ba ta haƙƙinta. Wai yaran da bakinsu suke kiran kansu da wannan kalma, suna alfahari da ita, ina ruwan wani? Gaskiya ne, mutum yana da ikon yi wa kansa laƙabi tsakanin abokansa. Amma laƙabin da ya fita ta talabijin ya shiga gidajen mutum fiye da miliyan 8, kamar yadda aka yi a 2011, ya daina zama na mai shi. Yana sauka a kan yaron makaranta da ma'aikacin ofis waɗanda sunansu kaɗai ya nuna asalinsu, ba a kuwa shawarce su ba, ba a ba su ko anini ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bahaushen da ya zauna a Ikko, ya ga yadda fina-finan Kudu suka daɗe suna nuna shi maigadi mai gurguwar fahimta, ana kiransa "aboki" da reni, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

A Satumba 2011 gwamnan Niyu Jazi, Chris Christie, ya hana masu shirin rangwamen haraji na dala 420,000, bisa dalilin cewa shirin yana ɓata sunan jihar. Ya yi daidai, sai dai kuɗin ba su kai su ji a jikinsu ba. Shirin ya ci gaba har Disamba 2012.

Kafin ya ƙare ma tashar ta riga ta sami wata jihar da za ta yi wa dariya, Bajiniya ta Yamma, ƙasar duwatsu da masu haƙar kwal, waɗanda Amurkawa suka saba kira ƙauyawa. Sanatan jihar, Joe Manchin, ya rubuta wa tashar takarda yana roƙo a fasa. Ba a saurare shi ba, aka fara nuna shirin, mai suna Buckwild, a Janairu 2013. A watan Afrilu aka tsinci gawar ɗaya daga cikin samarin, ɗan shekara 21, a cikin motarsa da ta kafe a taɓo, hayaƙin injin ya kashe shi. Sai a sa'an nan tashar ta soke shirin.