Bayan Yanke Tallafin Amurka: Wa Zai Riƙe Ƙungiyoyin Lafiyarmu?

Idan kana karɓar maganin HIV ko na tarin fuka kyauta, ko ɗanka yana samun abincin tamowa, sau da yawa wata ƙungiyar agaji ce ke ɗauke da nauyin, kuma galibin kuɗinta daga waje yake zuwa.

A Janairun 2025 Amurka ta dakatar da tallafinta, a watan Yuli kuma aka rufe hukumar USAID. A watan ne Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin rufe cibiyoyin tamowa sama da 150 a Borno da Yobe saboda ƙarancin kuɗi.

Illar ba ta tsaya a asibiti ba. A gari kamar Maiduguri, ƙungiyoyin nan na biyan albashin ma'aikatan jinya da direbobi, suna hayar gidaje, suna sayayya a kasuwa. Idan aiki ya tsaya ciniki ya ragu, magidancin da bai samu ba kuwa ba zai iya sayen magani ba.

Gwamnatin Najeriya ta ware dala miliyan 200 a kasafin 2025 don rage giɓin, amma zanen aro ba ya rufe katara. Dole ƙungiyoyinmu na gida su samu madogara daga zakka, waƙafi da 'yan kasuwa, su kuma riƙa bayyana yadda suka kashe kowace naira.

Kai kuma, idan an rufe cibiyarka, kada ka daina shan magani. Garzaya asibitin gwamnati mafi kusa da katinka.