Aikin Bincike Bayan Digirin Dokta: Me Ya Shafi Manoma da Ƙananan Hukumomi?

A jami'o'in Turai da Amurka, wanda ya kammala digirin dokta a fannin kimiyya ba kasafai yake zarcewa koyarwa kai tsaye ba. Akan ɗauke shi aikin bincike zalla na shekara biyu ko uku a ƙarƙashin wani babban malami, da albashi da kayan aiki, har hannunsa ya faɗa. A jami'o'inmu irin wannan gurbi ƙalilan ne. Da zarar matashi ya karɓi takardarsa sai a danƙa masa aji mai ɗaruruwan ɗalibai, binciken kuma ya koma sai in an samu sarari.

Mai karatu a karkara zai iya cewa wannan magana ce ta 'yan boko. Mu ba mu ga haka ba. Irin waken nan mai jure tsutsar da ke huda kwanso, SAMPEA 20-T, wanda aka amince da shi a 2019, ya fito ne daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Jami'ar Ahmadu Bello, bayan shekaru ana gwaji a gona da ɗakin bincike. Haka nan a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, gwajin jini da na ƙasa ne ya tabbatar da cewa gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Aiki irin wannan yana buƙatar masani wanda ba shi da wata hidima sai ita.

Batun kuɗi shi ne ƙashin bayan matsalar. Asusun TETFund, wanda aka kafa da dokar 2011, ya daɗe yana tura malamai karatu waje, amma bayan faɗuwar darajar naira daga 2023, ga kuma waɗanda suka tafi suka ƙi dawowa, ya sanar da dakatar da tallafin karatun waje daga farkon 2025. Muna ganin matakin yana da hujja. Sai dai tsare masani a gida ba tare da wutar lantarki da sinadaran gwaji ba bai haifar da komai, kuma yajin aikin wata takwas da ƙungiyar ASUU ta yi a 2022 ya nuna yadda gwaji kan lalace idan aka rufe jami'a, domin shuka ba ta jiran sulhu.

Akwai abin koyi a kusa. Cibiyar Binciken Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, Kano, ta samu tallafin Bankin Duniya har tana karɓar ɗalibai daga ƙasashen maƙwabta. Jami'o'in jihohi za su iya farawa da gurabe kaɗan, a ɗaura kowanne a kan matsala guda da aka sani: ƙuduji a gonar dawa, ingancin ruwan rijiyoyin burtsatse, ko zaizayar ƙasa.

A nan ne shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai suke da rawar takawa. Su ne suka san unguwar da ruwanta ya canza ɗanɗano da fadamar da amfaninta ya ragu. Idan sashen aikin gona da na lafiya suka riƙa rubuta waɗannan bayanai suna miƙa wa jami'a mafi kusa, tare da ba da filin gwaji da masauki, mai bincike zai iso ƙauye tun kafin faɗuwar damina.