Mataimaki Magaji Ne, Mu a Kaduna Mun Gani da Idonmu

Da zarar jam'iyya ta tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa, sai a shiga lissafin wanda zai rufa masa baya. In ɗan Kudu ne, a nemo ɗan Arewa. In Musulmi ne, a nemo Kirista, ko kuma a yi irin ta Abiola da Kingibe a 1993, da Tinubu da Shettima a 2023, a haɗa Musulmi biyu. A majalisun hira na Makarfi da Hunkuyi da Ikara, tambayoyin da nake ji ba su wuce uku ba: ɗan ina ne, wane addini yake bi, ƙuri'a nawa zai kawo. Da wuya ka ji wanda ya tambaya ko mutumin zai iya riƙe ƙasar nan idan ta Allah ta kasance a kan maigidansa. Mu kuwa mutanen jihar Kaduna, mun fi kowa cancantar yin wannan tambaya, domin a kanmu abin ya faɗo har sau biyu cikin ƙasa da shekara uku.

Ranar 5 ga Mayu, 2010, Allah ya karɓi ran Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. Mataimakinsa Goodluck Jonathan, wanda aka ɗauko daga Bayelsa domin a sanyaya zuciyar mutanen Neja Delta, ya wayi gari yana shugaban ƙasa. Shi ma sai ya shiga neman mataimaki Musulmi ɗan Arewa. A kwanakin nan an riƙa ambaton sunan Sanata Ahmed Mohammed Makarfi cikin waɗanda ake hasashe, kuma mu a nan gida kunnenmu bai rabu da rediyo ba. Daga ƙarshe gwamnanmu Namadi Sambo aka ɗauka, aka rantsar da shi ranar 19 ga Mayu. Washegari mataimakinsa Patrick Ibrahim Yakowa, ɗan Fadan Kagoma, ya hau kujerar Gidan Sir Kashim Ibrahim, Kirista na farko daga kudancin jihar da ya zama gwamna. Shi kuma ya ɗauki kwamishinan kuɗi, Mukhtar Ramalan Yero, mataimaki. Ranar 15 ga Disamba, 2012, jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da Yakowa a Bayelsa, Yero ya gaje shi. Rasuwar mutum guda a Abuja ta sauya shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamnanmu da mataimakinsa, kuma kowane daga cikinsu ya hau ne ta ƙofar da ake kira ta "daidaito".

Tsarin Mulkin 1999 bai ɓoye wannan ba. Sashe na 142 ya ce takarar mutum ba ta inganta sai ya gabatar da abokin tafiya. Sashe na 146 ya ce idan shugaba ya rasu, ko ya yi murabus, ko aka tsige shi, mataimaki ne zai hau. Ko shugaba na raye ma, kujerar ba ta zaman banza ba ce: mataimaki ke jagorantar Majalisar Tattalin Arzikin Ƙasa inda gwamnoni 36 ke zama. Yemi Osinbajo ya riƙe ƙasar watanni a 2017 lokacin da Buhari ke jinya a Landan, kuma a watan Agustan 2018, yana riƙon ƙwarya, ya sauke shugaban hukumar DSS, Lawal Daura.

Kada a ɗauka ina raina daidaito. Ina goyon bayansa, kuma dalilina shi ne abin da idona ya gani. Wanda ya rayu a jihar nan a watan Fabrairun 2000, lokacin rikicin shari'a, ko bayan zaɓen Afrilun 2011, lokacin da jini ya zuba a Zonkwa da Kafanchan da Zariya, ya san abin da ke faruwa idan wani ɓangare ya sakankance cewa ba a yi da shi. Mutumin Zangon Kataf da na Kudan suna buƙatar kowannensu ya ɗaga kai ya hango nasa a sama. Tsarin zaɓenmu ma haka ya tanada, tunda sai ɗan takara ya sami kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi kafin a ce ya ci. Shagari ya tafi da Alex Ekwueme a 1979, shekara tara kacal bayan yaƙin basasa, kuma wannan zaɓi ya yi wa ƙabilar Ibo magana fiye da duk wani jawabi.

Abin da nake ja da shi shi ne a tsaya nan, a ce tunda addini da yanki sun yi daidai, magana ta ƙare. Dubi abin da Makarfi ya yi yana gwamna. Ya fara da Stephen Shekari a 1999. Da Shekari ya rasu a 2005, kowa ya san daga kudanci za a maye gurbinsa, amma kudanci na da mutane da yawa. Wanda ya ɗauka shi ne Yakowa, mutumin da ya tsufa a aikin gwamnati, ya yi kwamishina, kuma a lokacin shi ne Sakataren Gwamnatin Jiha, ya san kowace ma'aikata ciki da bai. Shi ya sa da kujera ta faɗo masa a 2010 ba a ga jihar ta yi tangal-tangal saboda rashin sanin makamar aiki ba, har ya tsaya da ƙafarsa ya ci zaɓe a 2011. Sannan Makarfi bai bar wa mataimaki shi kaɗai nauyin lallashin kudanci ba. Ya ƙirƙiro masarautu ga ƙabilun da suka daɗe suna neman sarakunan kansu, kuma a ganina wannan ya fi kujerar mataimaki tasiri wajen kwantar da ƙurar shekarun nan.

Ita kuma maganar kawo ƙuri'a, an fi ƙarfinta da zuzutawa. Namadi Sambo ɗan Zariya ne, yana kan kujerar mataimakin shugaban ƙasa, amma Buhari ne ya lashe jihar Kaduna a 2011, ya maimaita a 2015. Atiku ya ɗauki Ifeanyi Okowa, gwamna mai ci a Delta, a 2023, Peter Obi ya cinye Delta ɗin. Shi Obi ya ɗauki Datti Baba-Ahmed daga Zariya, amma na uku ya zo a jihar nan, mafi yawan ƙuri'unsa kuma daga kudanci da unguwannin Kiristoci suka fito. Shettima ya kawo Borno, gaskiya ne, sai dai Borno ta daɗe a hannun jam'iyyarsa. Talaka maigidan yake dubawa, da jam'iyya, da abin da ke cikin tukunyarsa.

A matakin jiha ma mun ga tikitin daidaito da akasinsa. Nasiru El-Rufa'i ya karya tsohuwar al'ada a 2019 da ya ɗauki Hadiza Balarabe, Musulma daga Sanga a kudancin jihar, ya kuma kayar da ɗanmu Isa Ashiru Kudan, wanda ya tafi da Sunday Marshall Katung. A 2023 Ashiru ya sake fitowa tare da John Ayuba, Uba Sani ya wuce shi da ƙuri'u kusan dubu 11 cikin fiye da miliyan guda da rabi. Wasu sun karanta wannan a matsayin hujjar cewa ana iya cin zaɓe ba tare da Kirista ba. Ni abin da na karanta shi ne jiha ta rabu kusan gida biyu, kuma wanda ya ci da irin wannan tazara yana da aikin rarrashi na shekara huɗu a gabansa.

Akwai wata cuta da ta fi damuna. Tun bayan rikicin Obasanjo da Atiku, wanda ya kai har Kotun Ƙoli a 2007, 'yan takara suka koma tsoron mataimaki mai ƙarfi. Suna neman mai biyayya, marar mutane, wanda ba zai yi musu inuwa ba. Manomin da ke da shanun huɗa ba ya haɗa bijimi da maraƙi a karkiya ɗaya don launinsu ya dace, saboda ya san ranar da babban ya kwanta, ƙaramin ba zai ja garma ba. Ga kuma gaggawa. A 2022, da wa'adin hukumar zaɓe ya matso, Tinubu ya miƙa sunan Ibrahim Masari, Obi ya miƙa na Doyin Okupe, dukansu a matsayin masu riƙon wuri kafin a gama ciniki. Mutumin da zai iya zama shugaban mutum sama da miliyan 200 ana tsayar da shi cikin kwanaki, a ɗakin otal, tsakanin gwamnoni 'yan kaɗan, ba wakilin jam'iyya ko guda da ya jefa masa ƙuri'a.

Kafin a sake wannan ciniki, ina roƙon abu biyu. Wakilanmu na jam'iyyu daga Makarfi da Kudan da Ikara su nemi kowane mai son tuta ya faɗi wanda zai tafi da shi kafin zaɓen fid da gwani, domin a auna su tare. Sannan a dawo da muhawarar mataimaka irin wadda Osinbajo da Obi suka yi a Disamban 2018, a watsa fassararta da Hausa a Rediyon Tarayya na Kaduna. Ina so in ji mai neman wannan kujera ya faɗi da bakinsa yadda zai sauko da farashin taki ga mai noman rake a Makarfi, da abin da zai yi wa mai tumatir a Ikara da kayansa ke ruɓewa a kwando duk kaka, da yadda zai tunkari masu satar mutane idan shugaba na asibiti a waje kuma shi hafsoshin soja ke jira.