Wasiƙa ga Masu Bin Sawun Cuta a Cikin Zuri'a



Aikinku shi ne ku tattara iyalai, ku gano wane yanki na kuromosom ke bin cuta daga iyaye zuwa 'ya'ya, ku auna shi da makin LOD da Newton Morton ya kawo a 1955, wanda aka saba yarda da shi in ya kai 3. Roƙona ɗaya ne: kulawar da kuke ba jini a ɗakin gwaji, ku ba muhalli irinta. Lissafin da aka saba yakan ɗauka cewa duk masu ƙwayar gado ɗaya haɗarinsu ɗaya ne, alhali akwai cututtukan da gado ba ya motsi a cikinsu sai ya gamu da sanadi.

Ku dubi tsargiyar hanji. A 1996 Sandrine Marquet da Laurent Abel da Alain Dessein da abokan aikinsu suka gano, a iyalan wani ƙauye na Brazil, wani wuri a kuromosom na 5 da ke da hannu a nauyin kamuwa, mai suna SM1. Kafin su taɓa gado, sai da suka daidaita yawan ƙwan tsutsar kowane mutum da shekarunsa, jinsinsa da yawan shigarsa ruwa. Dalilin a fili yake. Yaron da ba ya zuwa rafi zai fito tas ko da ya gaji rauni, kuma in aka lissafa shi cikin masu garkuwa, shi zai dusashe alamar da ake nema, har mai bincike ya ce babu komai.

Za ku ce raba iyalai kashi-kashi yana rage ƙarfin gwaji. Gaskiya ne, gano cuɗanyar gado da muhalli kan buƙaci kusan ninki huɗu na mutanen da gano tasirin gado mai girma ɗaya ke buƙata. To, ba sai kun raba ba. Ku shigar da awon muhallin cikin lissafin kansa, haɗarin kowa ya hau ko ya sauka gwargwadonsa, sannan ku cakuɗa bayanan sau dubbai ku ga sau nawa dace kaɗai ke ba da makin da kuka samu. Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: mai gwada abubuwa da yawa da wuya ya rasa ɗaya da zai fito bisa dace. Sakamakon Avshalom Caspi na 2003 kan gado da damuwar rayuwa ya yi tashe, amma nazarin haɗaka na Neil Risch a 2009 bai tabbatar da shi ba. Maganin shi ne ku rubuta sanadin da kuke zargi tun kafin ku ga sakamakon jini.

Saboda haka in za ku tsara kasafi, ku sa albashin wanda zai zauna bakin rafi yana ƙirga masu shiga.