Shirley Jackson Da Dodon Da Ke Cikin Gida

Kwanakin baya mun yi wata muhawara da wani abokina, ma'abocin karatu, inda ya tsaya kai da fata cewa labarin ban tsoro ba adabi ba ne, abin razana yara ne kawai: fatalwa cikin farin likkafani, ƙarar ƙofa da tsakar dare, shi ke nan. Na bar shi ya kai aya, sannan na tambaye shi ko ya taɓa karanta Shirley Jackson. Ya ce ko sunanta bai taɓa ji ba. To wannan ɗan rubutu amsa ce gare shi, da duk mai irin ra'ayinsa.

Ita dai wannan baiwar Allah Ba'amurkiya ce, an haife ta a San Francisco a 1916, ta rasu a 1965 tana da shekara 48 kacal. Mafi yawan zaman aurenta ta yi shi ne a wani ɗan gari mai suna North Bennington a jihar Vermont, inda mijinta Stanley Edgar Hyman yake koyarwa a kwaleji. 'Ya'yansu huɗu, kuma girki da wanki da raino duk a wuyanta suke, rubutu sai ɗan lokacin da ta sata. Duk da haka abin da alƙalaminta ke kawowa gida ya zarce albashin maigidan, amma shi ke riƙe da lalita, sai abin da ya ga dama ya yanka mata. Ruth Franklin ta fayyace wannan a littafin tarihin rayuwarta da ta fitar a 2016. Jackson da kanta ta ba da labarin ranar da ta je asibiti haihuwa, aka tambaye ta sana'arta ta ce marubuciya ce, sai mai cika takardar ta ce bari dai a rubuta matar aure.

A nawa ganin, duk mai son ya gane inda tsoron littattafanta ya samo asali, to ya fara daga teburin wannan ma'aikaciyar asibiti.

Ta fuskar karatu, ta sha ruwan tsofaffin marubutan Ingila na ƙarni na 18, musamman Samuel Richardson, wanda ya shahara da labaran 'yan matan da aka tsare a gidajen masu ƙarfi. Sannan tana da tarin littattafai kan maita da tsafi, har ta rubuta wa yara littafi a 1956 kan shari'ar mayu da aka yi a Salem cikin 1692, inda aka rataye mutum 19, 14 daga cikinsu mata. Abin lura shi ne, mayyar ba ta dame ta ba kamar yadda taron masu nuna yatsa ya dame ta. (Mu ma a nan, mai karatu, idan aka ce an kama mayya a unguwa, sau nawa ka ga an nuna mai kuɗi ko mai dangi? Kusan kullum wata tsohuwa ce da ba ta da mai tsaya mata.)

Daga nan gajeren labarinta "The Lottery", wato ƙuri'a, ya fito a mujallar The New Yorker cikin watan Yuni na 1948. Ƙauye ne mai mutum kamar 300, rana ta fito tas, yara na tara duwatsu, manya na hirar noma da haraji, ana jiran a jefa ƙuri'ar shekara. Ƙuri'a ta faɗa kan wata matar aure, Tessie Hutchinson, sai maƙwabtanta suka jefe ta har lahira, har ɗan ƙaramin ɗanta aka danƙa wa tsakuwa. Babu aljani ko ɗaya a ciki. Ɗaruruwan wasiƙun fushi suka yi ta kwarara, wasu suka daina sayen mujallar, wasu kuwa, in ji ita, tambaya suke a wane gari ake wannan biki, ko za su iya zuwa kallo.

Amma reshen da ta fi ƙwarewa a kansa shi ne labarin gida mai fatalwa, wanda ta cakuɗa da ruɗanin ƙwaƙwalwa har mai karatu ya kasa rabewa. A "The Haunting of Hill House" na 1959 mun haɗu da Eleanor, 'yar shekara 32, wadda ta ƙare shekara 11 na ƙuruciyarta tana jinyar uwa mai faɗa. Uwar ta mutu, Eleanor ba miji, ba aiki, ba ƙawa, tana raɓe a kan ɗan gadon wucin gadi a gidan 'yar'uwarta. Da wani malami ya gayyace ta zuwa wani tsohon gida don binciken abubuwan al'ajabi, sai ta sace motar da rabinta nata ne ta gudu. Ana buga ƙofofi cikin dare, ana rubuta sunanta a bango, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan mugun gida shi ne wuri na farko a duniya da ya kira ta da sunanta, ya nuna yana son ta. Da abokan zamanta suka ce ta tattara ta tafi don lafiyarta, ina za ta? Sai ta nufi bishiya da motar. Na karanta wannan littafi sau uku, har yau ban yanke hukunci ko akwai fatalwa a gidan ba, kuma na daina damuwa da hakan.

A littafinta na ƙarshe da ta kammala, "We Have Always Lived in the Castle" na 1962, sai ta juya tabarmar. 'Yan mata biyu ne, Merricat da yayarta Constance, suke zaune a keɓe bayan an zuba wa danginsu guba a cikin sukari. Garin ya tsane su. Wani ɗan'uwansu namiji ya zo da sunan taimako, alhali idonsa na kan akwatin kuɗi, ya zauna a kujerar mahaifinsu yana ba da umarni. Sai da gobara ta ci saman gidan kafin suka rabu da shi, suka kuma zauna a kufan abinsu cikin farin ciki.

Nan ne nake da ja da Betty Friedan, jagorar fafutukar mata a Amurka, wadda a littafinta na 1963 ta sa Jackson cikin marubutan da ta zarga da mai da wahalar matan aure abin dariya, saboda labaran barkwanci na raino da take sayar wa mujallun mata. Gaskiya ne ta rubuta su, su ne ma suke biyan kuɗin cefane. Sai dai Friedan ta karanta rabi ta bar rabi. Ƙuncin da ta ce ba shi da suna, tuni Jackson ta ba shi ɗaki da bango da ƙofa mai rufe kanta, shekara huɗu kafin nan. Jackson ba ta hau mumbari ta yi wa'azin 'yancin mata ba, kuma ina ganin dalilin da ya sa littattafanta ba su tsufa ba ke nan. Stephen King, wanda ake yi wa kirari da sarkin wannan fanni, ita ya sadaukar wa littafinsa "Firestarter" na 1980, kuma tun 2007 aka kafa gasar adabi da sunanta.

Abokina zai iya cewa ai duk ƙirƙira ce. Sai in tuna masa cewa bayan fitowar labarin Merricat, ita kanta Jackson ciwon fargabar fita ya kama ta, ta shafe watanni ba ta iya taka ƙofar gidanta.