Baƙin Mutum Mai Ido Ɗaya A Filin Ƙanƙara

Yau labarinmu daga ƙasar Kanada ya fito, can arewa da Amurka, inda sanyi kan yi tsanani har ruwan tafki ya daskare, ya zama kamar daɓe, mutum ya taka shi ba ya nutsewa. Mutanen ƙasar suna da wani wasa da su ke ƙauna ainun, watau ƙwallon gora na kan ƙanƙara. Kowane ɓangare mutum shida ne, har da mai tsaron gida. Suna sa takalma masu ƙarfe a ƙasa siriri kamar wuƙa, su riƙa sulɓi a guje. Abin da su ke bugawa kuwa ba ƙwallo ba ne sosai, wani ɗan faifan roba ne baƙi, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, ga tauri kamar dutse. Ku riƙe wannan faifai a ranku, gama shi ne tushen maganar.

An haifi Willie O'Ree a garin Fredericton ran 15 ga Oktoba, 1935, shi ne auta cikin 'ya'ya 13. Iyayensa baƙaƙen fata ne, a garin da baƙaƙe ba su da yawa. Tun yana ƙarami ya koyi sulɓi a kan ƙanƙara, ya tashi da gudu wanda ba safai a kan samu irinsa ba. Yana ɗan shekara 20 ko kusa da haka, yana wasa cikin ƙungiyar samari ta Kitchener, sai faifan nan ya taso ya same shi a idon dama. A zamanin nan ba a sa hular kwano, balle abin kāre fuska. Idon ya mutu, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Likita ya ce masa ya haƙura, shi da wasa har abada.

To, ga inda zancen ya ke. Yaron nan bai haƙura ba, bai kuma faɗa wa shugabannin wasa ba. 'Yar'uwarsa ya gaya wa, ya ɓoye wa iyayensa ma. Ya koma fili ya ci gaba, har ƙungiyar Quebec Aces ta ɗauke shi. Wurin tsayawarsa gefen hagu ne, watau duk abin da ke gudana yana ta wajen damansa, wajen mataccen idon. Sai ya juya kai gaba ɗaya kafin ya ga faifai, alhali abokan gāba suna tafe a guje suna neman su maka shi da bango.

Ran 18 ga Janairu, 1958, ƙungiyar Boston Bruins ta kira shi, ya shiga wasa da mutanen Montreal a garinsu, Boston ta ci 3 da babu. Ran nan ya zama baƙin mutum na fari da ya yi wasa a babbar gasar da a ke kira NHL. Ƙungiyoyinta shida ne kaɗai a lokacin, saboda haka samun gurbi ba ƙaramin abu ba ne ko ga Bature mai ido biyu. Wasa biyu ya yi aka mai da shi ƙasa. Aka sāke kiransa a kakar 1960 zuwa 1961, ya yi wasa 43, ya jefa 4, ya taimaka aka jefa 10. Ta farinsa ran 1 ga Janairu, 1961 ce, ita ce kuwa ta ba Boston nasara a kan Montreal.

Zagin da ya sha saboda launin fatarsa ba ya ƙidayuwa, musamman a biranen Amurka. A Chicago wani ɗan wasa ya zage shi, ya dungure shi da gindin gora a baki, haƙoransa biyu na gaba suka zube, hanci ya karye. Shi ma bai tsaya ba, ya rama da gora a ka.

Malamai za su tambaya, ashe ba yaudara ya yi ba? Tambayar tana da nauyi, ba kuwa zan raina ta ba. Wanda ya ɗauke ka aiki yana da hakkin ya san lafiyarka, kuma da ɗaya idon ya tafi, da ya makance ɗungum, ya zama kaya ga danginsa. Shi kansa ya faɗa daga baya cewa da an sani da ba a bar shi ya shiga ba. Amma a ganina laifin da sauƙi. Bai ci kuɗin kowa a banza ba, aikin da aka biya shi dominsa ya yi shi a gaban dubban mutane, ba wanda ya gane da tawaya. Hatsarin kuma a jikinsa ya ke. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne masu kuɗin ƙungiyoyin, da suka ɗauki mutum ba su gwada idonsa ba.

Bayan 1961 bai sāke komawa babbar gasa ba. Ya yi shekaru a ƙananan ƙungiyoyi, Los Angeles da San Diego. A Los Angeles ne mai koyar da su ya mai da shi gefen dama, inda lafiyayyen idon ya fuskanci fili. Dabarar nan ƙarama, da an yi ta tun a Boston wa ya san inda zai kai? Bayanta sau biyu yana fin kowa jefawa a gasar yamma, 38 kowane karo. Sai 1979 ya ajiye gora, yana da shekara 43. Bayansa kuwa ba a sāke ganin baƙin mutum a NHL ba sai 1974, da Mike Marson ya shiga ƙungiyar Washington.

Ya yi 'yan ayyuka iri iri, har da gadi a wani masauki kusa da San Diego, kamar an manta da shi. A 1998 hukumar gasar ta nemo shi, ta ba shi aikin zagaya garuruwa yana jawo yaran baƙaƙe da na talakawa cikin wasan. A 2018 aka sa sunansa cikin zauren manyan 'yan wasa da ke Toronto. Ran 18 ga Janairu, 2022, shekara 64 cif da shigarsa fili a Montreal, Boston ta rataye lambar rigarsa, 22, a rufin filinta, ba wani ɗan wasanta da zai sāke sa ta.